Rasuwar Abu Kahha, Injin da Ke Ƙofar Shagonmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni Areej 'yar Othman, a madadin mahaifina da duk mutanen gidanmu na unguwar Hindawiyya, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na cikin Jidda da na ƙauye, rasuwar tsohonmu, injin ban-ruwa mai silinda ɗaya wanda manoma suka laƙaba wa Abu Kahha, wato Mai Tari. Ya cika ranar Talata da hantsi, a inda ya saba tsayawa, ƙofar shagon kayan noma na Baba, yana da shekara ashirin da tara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakata Turai ta ce ba a yi wa ƙarfe wannan kalma. Da Baba ya shigo gida ta ga fuskarsa, ita ta fara faɗinta.

Marigayin ya girme ni da shekara biyar. Ya sauka tashar jiragen ruwa cikin akwatin katako, a shekarar da wani kamfani na ƙetare, wanda ba zan ɓata takardar makoki da sunansa ba, ya ba Baba wakilcin sayar da injunansa. Don nuni aka kawo shi, ba don sayarwa ba. Kore ne shar a lokacin, in ji waɗanda suka san ƙuruciyarsa. Ni dai na tashi na same shi da launin ganyen da ya sha rana, kuma ban taɓa ganin abin da ya fi shi kyau ba.

Kowace safiya ƙarfe bakwai Baba zai naɗe hannun riga, ya zura hannun tayarwa, ya yi bismilla, ya juya. Sai marigayin ya yi gyaran murya irin ta dattawa: khoh, khoh. Ya yi shiru kamar mai tunani. Can sai tuf, tuf, tuf-tuf-tuf, har gilashin shayin mai sayar da ful, dafaffen waken karin kumallo, na tsallaken titi ya kama rawa. Da wannan murya layinmu yake sanin gari ya waye. Da ita aka yaye ni, da ita na tafi makaranta, kuma na rantse duk littafin da na karanta a rayuwata, da wannan bugun na karanta shi a ƙirjina.

Amma babban halinsa shi ne ba ya ƙin aike. Baba yana da ka'ida guda wadda ba a rubuta a ko'ina ba: manomi ba zai shigo da mataccen inji ya koma gona hannu rabbana ba. In gyara zai ɗauki kwanaki, sai a ɗora Abu Kahha a bayan mota, ya je ya riƙe rijiyar mutum har nasa ya warke. Ya kwana a Usfan, ya yi wata guda a Wadi Fatima, Khulais kuwa kamar garin surukansa ne. Yakan dawo da taɓo har wuya, da kankana biyu ko kwandon dabino a gefensa, ya koma gurbinsa bai ce wa kowa komai ba.

Ciwon ajalinsa ba a jikinsa ya fara ba. A takarda ya fara.

Shekara shida da suka wuce kamfanin ya rubuto cewa duniya ta canza. Suna son kowane wakili ya sami ɗakin nuni mai bangon gilashi, ya ajiye manyan taraktoci, ya daina taɓa injin kowane kamfani sai nasu. Taraktar da suke magana a kanta ko juyawa ba za ta iya ba a layinmu, manomanmu kuma masu 'yan kadada ne. Daga baya sababbin injuna suka zo a kulle, ba a gane ciwonsu sai da na'ura, na'urar kuwa babban dillali kaɗai aka ba. Sannan aka ce kayan gyara ma ta hannunsa za su riƙa biyowa. Ƙananan shaguna goma sha ɗaya ne tsakanin Jidda da Makka da na san masu su da suna, waɗanda suke shan gahawa a wurin Baba. Ɗaya bayan ɗaya aka sauke allon kamfani daga ƙofofinsu, babban dillalin ya haɗiye yankunansu. Ba a yi faɗa da kowa ba. Takarda ce kawai take zuwa, mai ladabi, mai tambari.

Da kayan gyara suka yanke, manoma ba su daina zuwa ba, Baba kuma bai sauya ka'idarsa ba. A nan marigayin ya fara ba da jikinsa. Bel ɗinsa ya tafi Usfan. Matatar mai ta bi wani dattijo zuwa Hada Sham. Salansa, murfin tanki, bututun dizal, duk suka watsu cikin gonaki. Hussaini, makanikin shagon da ya shekara goma sha bakwai tare da mu, shi yake bin 'yan gwangwan yana samo abin da zai toshe gurbin, don dai tsohon ya samu ya yi tarinsa na safe. Muryar ta dusashe, amma ba ta taɓa fashi ba.

Watan jiya takardar gargaɗin ƙarshe ta iso. Za a turo ma'aikaci ranar Talata ya duba shagon, kuma wakilcin Baba ya rataya a kan abin da zai gani. Gilashi dai babu, tarakta babu. Sai dai akwai sharaɗi ɗaya da Baba ya ɗora yatsa a kai ya yi murmushi: injin nuni ya kasance yana aiki. Mako guda Hussaini ya yi yana wanke marigayin, yana ɗaure shi, ya yi masa fenti har ya koma kamar ango. Ranar Litinin da safe ya tashi da juyi ɗaya. Wallahi har maƙwabta suka fito.

Bayan la'asar ɗin wannan Litinin Sa'ud ya iso daga Khulais. Tsohon abokin cinikin Baba ne, mai gonar kuɓewa. Ya kwance ƙyalle a kan kanta, ga mataccen nozal, ɗan ƙarfen nan mai fesa wa inji dizal, tsawonsa bai wuce yatsa ba. Ya je wurin babban dillali, an ce ya yi rajista a waya, kayan za su zo nan da mako uku.

“Mako uku, ya Othman,” in ji shi. “Kuɓewa tana fure. Kwana uku ma ba za ta kai ba a wannan zafin.”

Baba ya dubi nozal ɗin, ya dubi ƙofar shago.

Hussaini ya ce, “Alhaji, gobe ne fa.”

“Na sani.”

“To a bari mutumin ya zo ya tafi, jibi ni da kaina zan kai masa.”

Baba ya ce, “Kai za ka gaya wa kuɓewar ta jira jibi? Yalla, maza miƙo sifana.”

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka mahaifina bai san abin da yake yi ba. Ya sani, sai dai ya yi kuskure irin nasa. Ya yi zaton labarin ya fi ƙarar inji ƙarfi. A ganinsa, babu shaidar da wakili zai nuna wa kamfani da ta wuce a ce ya cire zuciyar injinsa ya ba manomi. Har ya sa aka gasa tsire, aka dafa gahawa mai yawan hel, kayan ƙamshin nan nata, don a zauna a ji labarin da kyau.

Ma'aikacin ya zo a kan lokaci. Sunansa Thamer, matashi ne mai tarbiyya, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya sumbaci kan Baba, ya ci tsire, ya saurari komai tun daga akwatin katako har zuwa kuɓewar Sa'ud. Baba ya ce ya shiga mota su je Khulais ya ji da kunnensa, ai Abu Kahha yana can yana aiki a cikin jikin wani.

Thamer ya juyo masa da fuskar kwamfutar hannunsa. “Ya ammi, baffana, dubi nan. Gida biyu ne kawai na cikewa a takardar: ya tashi, bai tashi ba. Wallahi ba su bar mini inda zan rubuta kuɓewa ba.”

Sai Baba ya miƙe, alhali ya san abin da babu a ciki. Ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla, ya juya. Ya juya har rigarsa ta jiƙe, har Hussaini ya kau da kai. Marigayin ya yi ƙoƙari, ni shaida ce. Ya ce khoh. Sau ɗaya. Daga nan bai sake cewa komai ba.

Thamer ya taɓa gida na biyu, ya ce a yafe masa. Ranar Alhamis takarda ta zo. Halas, shi ke nan. An mayar da yankinmu hannun babban dillali, an ba mu kwana goma mu sauke allo.

Marigayin ya bar Baba Othman, wanda har yau yake farkawa ya sa tufafin aiki, ya zauna a bakin gado. Babban dillalin ya aiko masa cewa yana da kujera a ɗakin gilashinsu, ya riƙa gaisawa da tsofaffin manoma don su saki jiki. Bai ba da amsa ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Marigayin ya bar Hussaini, wanda iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, take kan shagon, yana yawon neman sabon kafili, ubangidan da zai tsaya masa, da hannuwan da suka san ciwon inji ta hanyar taɓawa, a garin da yanzu takardar na'ura ake tambaya. Ya bar sassan jikinsa a gonaki fiye da ashirin. Ya bar kuɓewar Sa'ud, wadda aka gaya mana ta yi 'ya'ya. Ya bar ni.

Ba za mu ce Allah ya jiƙansa ba, mun san ƙarfe ne. Muna dai roƙon Allah ya dubi waɗanda ya bari.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar bayan sallar la'asar daga ƙofar shago zuwa tashlih, inda ake yanka tsofaffin ƙarafa. Za a tafi da shi ba tare da hannun tayarwa ba. Yana wurin Baba, kuma muna roƙon kada kowa ya yi masa maganarsa. Za a jera kujeru a gaban shagon kwana uku bayan magariba, akwai gahawa da dabino. Masu son sauke allo su yi haƙuri sai an tashi.

Manoman da ke riƙe da wani sashe na jikin marigayin, don Allah kada ku dawo da shi, kada kuma ku bar gona ku zo gaisuwa. Abu ɗaya muke nema. Ranar Lahadi, ƙarfe bakwai na safe, ku tayar da injunanku, ku kira lambar Baba. Ba sai kun ce komai ba. Ku kara wayar kusa da injin kawai, zai gane wanda ke magana.