Yadda Na Yi Wa Direkta Godiya Na Tona Kaina

Jama'a, ku taya ni jaje. Ranar Laraba da safe na shiga biro, wato ofishin shugabanmu Mai Girma Mushe Direkta, da ƙafata, ba wanda ya kira ni, na tuɓe takalmi, na rusuna, na yi masa godiya. Godiyar nan ce ta kusa raba ni da kujerar da na shekara goma sha bakwai ina ɗumamawa. Duk wanda ya ce muku ladabi ba ya jawo wa mutum wahala, ku turo shi Sabon Gari ya tambayi gidan Nata'ala.

Bari in koma baya kaɗan. Ina aiki a wani proje nan Maradi, ba zan faɗi sunansa ba don ina da ƴaƴa. Aikina buga takardu a ordinata, wato kwamfuta. Watan jiya Mai Girma, Allah ya ƙara masa hangen nesa, ya gano cewa ma'aikata suna ɓata lokacin al'umma a intanet. Ya sa Abdurrazak, mai kula da na'urorinmu, ya toshe komai. Ko sakamakon ƙwallo ka nema, sai wani jan allo ya fito yana yi maka faɗa da Faransanci. Aka liƙa sanarwa a bakin ƙofa: wanda aka kama yana kallon wasa lokacin aiki, za a tura shi reshenmu na can daji, inda waya ba ta kamawa sai ka hau tudu. A taron da aka karanta sanarwar na fi kowa gyaɗa kai. Har na ɗaga hannu na ce an daɗe ba a yi hukunci mai kyau irin wannan ba. Lokacin ban san an sa ranar kokowa ba.

Ga shi kuwa bana aka fara sa Jibo, ɗan ƙanwata da ke Tibiri, cikin manyan ƴan kokowa. Yaron nan a gabana ya fara kada awaki. Karonsa ya faɗo ranar Talata ƙarfe huɗu na yamma, mu kuma ba ma tashi sai biyar da rabi. Na je neman izini. Mai Girma ya ce aikin al'umma ke gaba da komai, shi kansa ranar zai wuni Jiratawa yana duba magaza, wato ɗakin shanya zogale da ajiyarsa, da projen ya gina wa mata. Na fito ina jin kunyar kaina.

Wayata ba ta ɗaukar bidiyo, ko hoto aka aiko mini sai ta yi zafi ta mutu. Maƙwabcina Maman Lawali, tela ne amma ba abin da bai sani ba a duniya, ya ce akwai wata manhaja da ke sa ordinata ta yi ƙaryar tana wata ƙasa, sai toshiyar ta ƙyale ta. Na sa. Ordinatar ta tafi wata ƙasar kuwa, ta ƙi dawowa, rubutunta duka ya koma wani harshe da ban taɓa gani ba. Abdurrazak ya zo ya gyara yana dariya ƙasa-ƙasa. Da zai tafi ya raɗa mini cewa in daina wahalar da kaina, na'ura ɗaya ce tak a gidan nan ba a toshe ba, ta Mai Girma, saboda shi yana buƙatar yin bincike.

Mabuɗin biron nasa yana hannun Madam Tahira, sakatariya. Ta ce ita ba ta ga abin kallo a ƙarti biyu suna rungumar juna cikin rairayi ba. Amma ta buɗe, kuma ita ta zauna a kujerar da ta fi laushi. Kafin ƙarfe huɗu mun kai mu bakwai cikin sanyin biron, har da maigadi, an rage murya, an saki labule.

Sai ga Jibo ya shigo fili da layunsa. Wanda aka haɗa shi da shi wani ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Gabana ya faɗi. Suka kama, suka saki, suka sake kamawa. Ban ankara ba na ga yaron ya nutse ƙarƙashinsa, ya ɗebi ƙafa, ƙaton ya zube. Wallahi hulata na cusa a baki don kada in yi ihu. Madam Tahira da ba ta ga abin kallo ba har ta ture kofin shayin Mai Girma.

Daga nan sanƙira ya fara shelar kyaututtuka, kamara ta juya wajen rumfar manya. Wa za mu gani a sahun gaba? Mai Girma Mushe Direkta, cikin shuɗiyar babbar riga, direban projen yana tsaye bayansa riƙe da ruwan sanyi. Sanƙira ya kira sunansa da muƙaminsa tiryan-tiryan, ya ce ya ba Jibo na Tibiri moto, wato babur, sabuwa dal. Can Madam Tahira ta ce moton ta yi mata kama da guda ukun nan da ke kulle a magazar ajiyar kayan biro, waɗanda aka yi wa masu zuwa ƙauye alkawari tun bara. Nan take muka yi yarjejeniya cewa ba wanda ya ga komai. Maigadi har da rantsuwa.

Ina isa gida ƙanwata ta kira daga Tibiri, ana ta guɗa bayanta. Ta ce, "Yaya, kai ne babbanmu a birni, kuma an ce mutumen ubangidanka ne. Gobe da sassahe ka tai ka yi mai godiya, kada a ce ba mu da tarbiyya." Gaskiyarta. A wajenmu in an yi wa ɗanka alheri ba a kwana biyu ba a je godiya ba. Abin da aka raine ni da shi ke nan, kuma shi ya riga tunanina tashi da safe. Na sa rigar Juma'a na tafi.

"Ranka ya daɗe, godiya na zo yi a madadin dangi. Abin da ka yi wa yaronmu jiya, Allah shi saka da alheri."

"Wane yaro?"

"Jibo, ranka ya daɗe. Moton."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce wataƙila a gari na ji ana faɗi, mutane ba sa rasa surutu. Ku lura, jama'a, bawan Allahn nan da kansa ya buɗe mini hanyar tsira. Ni kuwa saboda kada ya ɗauka godiyata ta jita-jita ce, sai na ce a'a, da idona na gani, kuma shuɗiyar rigar nan ta karɓe shi ƙwarai.

"Ina ka gani, Nata'ala? Ƙarfe huɗu kana biro."

Sai lokacin hankalina ya dawo jikina. Ya san na'ura ɗaya ce ke nuna bidiyo a gidan nan, ga ta a gabansa, ga tabon shayi a kan tebur. Ya jawo aljihun tebur ya fiddo takardar sauyin wurin aiki, ya cire murfin alƙalami. Tsoro ya kama ni sosai. Na tuna ƴaƴana uku da ke karatu a lakwal nan unguwar Zariya, na tuna ciwon gwiwata da tudun da ake hawa a yi waya. Amma alƙalamin bai sauka ba, don shi ma ya tuna inda ya kamata a ce yana jiya ƙarfe huɗu.

"Jiya ina Jiratawa," in ji shi.

"Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe, kana Jiratawa."

"To wa ka gani?"

Na ce wani ne mai kama da shi, kuma idona tun bara ba ya gani sosai, kuma in an bi gaskiya ma ban yi kallo ba, labari na ji. Ya mayar da murfin alƙalami. Ya ce ya yaba da gaskiyata. Sannan ya ce rahoton tafiyarsa ta Jiratawa dole a miƙa shi Juma'a, kuma saboda gajiya akwai ƴan abubuwan da bai rubuta ba, don haka ranar Alhamis in je in cike su. Alhamis ɗin nan ita ce ranar karon ƙarshe, kuma Jibo ya kai. Na tambayi mota, aka ce motar tana da wata tafiyar aiki.

Haka na hau kabu-kabu cikin rana. Na tarar da magazar zogale ba rufi, iska ta ɗauke kwanon tun damina biyu da suka wuce, awaki sun mayar da ita gida. Shugabar matan, Inna Ramatu, ta riƙe hannuna biyu. Ta ce tun ranar da aka zo aka ɗauki hoto ba su sake ganin kowa daga biro ba sai ni. Ta dama mini fura, ta yi ta sa wa Mai Girma albarka da ya tuna da su. Na rubuta komai, kuma a shekara goma sha bakwai ban taɓa rubuta takardar da ta kai wannan gaskiya ba. Ƙarfe huɗu na yi, ina tsugune ina auna bango, na ji manoman da ke gindin rediyo can bakin lambu sun yi salati gaba ɗaya. An kada Jibo, ko minti ɗaya bai yi ba. Washegari Madam Tahira ta ba ni labarin kayen dalla-dalla, don sun kalla su goma sha ɗaya, Mai Girma yana tafiyar aiki Tibiri, inda ake kokowar.

Rahoton dai an sa masa hannu da kwanan watan Talata, ni kuma ina nan kan kujerata. Saura abu ɗaya. Da zan baro Jiratawa Inna Ramatu ta ɗora mini jakar busasshen zogale, ta ce in kai wa Direkta hannu da hannu, in rusuna in yi masa godiya a madadin matan garin. Yau kwanan jakar huɗu a ƙarƙashin teburina. Mai ƙarfin hali cikinku ya zo ya kai, ni kam na gama godiyar bana.