Gaisuwar Da Ta Kai Mu Bayan Gari

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da jama'a suka aike ni roƙo gaban shugabannin kwaleji, na je na gaishe su na dawo. Zan ba da labarin bi da bi, domin ba na son magana a hargitse.

Da farko, ni mutumin Maraɗi ne, kuma kafin in zo garin Greensboro na Amurka ni ke tsara layin motoci a tasha. Motar da ta fara zuwa ita ke fara lodi, ko da ta surukina ce a baya. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san gaba, na san baya. A lokacin da abin ya faru ina aiki a wani babban sito a kan titin Wendover, ina jera kwalaye (ba a taɓa samun kwalina a karkace ba, a je a tambaya).

Na biyu, maganar aji. Kwalejin yankinmu, mai rassa a wurare da dama, tana koyar da Turanci ranar Asabar a wani ɗaki kusa da gidajenmu. Matanmu ne suka cika ajin, don da ƙafa ake zuwa. Sai labari ya zo cewa za a mayar da shi babban reshe, can bayan gari, inda sai mai mota. Yawancin matan ba su tuƙi. Wadda abin ya fi damu ita ce Hajiya Mariama, dattijuwa mai kitso, da ke shirin jarrabawar zama 'yar ƙasa. In aji ya tashi, shirinta ya tashi.

Malamar ajin ta ce kwamitin amintattu na kwalejin zai zauna, kuma ana barin jama'a su yi magana kafin a kaɗa ƙuri'a. Muka yi mitin don zaɓen wakili. Hajiya Mariama ta ce, "Ku bar ni in faɗa musu da ɗan Turancina. Ba mu da mota, kada ku ɗauke aji. Shi ke nan."

Na gyara zama na ce, "Hajiya, ba a shiga gaban manya da ka. Akwai tsari." Aka zaɓe ni. (Gaskiya ni na zaɓi kaina, sauran suka yi shiru.)

Na uku, shiri. Na tafi laburaren kwalejin na binciki yadda ake mulkinta, domin ba a gaida mutum sai an san matsayinsa. Abin da na gani ya burge ni ƙwarai. Can sama akwai majalisar jiha, ƙarƙashinta hukumar da ke kula da irin waɗannan kwalejoji duka, sannan kwamitin amintattu na tamu. Cikin 'yan kwamitin ma, wasu gwamna ya naɗa su, wasu hukumar gunduma, wasu hukumar makarantu. A ƙarshen tebur shugaban ɗalibai ke zama, yana da baki amma ba shi da ƙuri'a. Matakala sak! Na haddace su daga sama har ƙasa. Na haɗa da tarihi: yadda aka fara da 'yar makarantar koyon sana'a don ma'aikatan masaƙa da masu yin kujeru, har ta yi rassa.

Bitrus, mutumin Jos da muke aiki tare, wanda matarsa ma tana ajin, ya ja ni gefe lokacin hutun cin abinci. "Malam, na taɓa zuwa irin wannan zama. Akwai 'yar fitila gaban mai magana. Kore, rawaya, ja. In ta yi ja, ko limamin gari ne sai ya zauna. Mintoci ne 'yan kaɗan fa."

Na ce, "Bitrus, fitila ta direbobi ce. Ni na yi mulkin direbobi."

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya ci gaba da cin burodinsa.

Na huɗu, ranar kanta. Da la'asar ne. Na sa babbar riga mai sitaci da hula. Mata suka zo cikin leshi da atamfa kamar masu rakiyar amarya, na zaunar da su layi-layi bisa shekaru. Aka kira sunana. Na tsaya gaban makirfo, fitila ta yi kore.

Na fara da shugabar kwamiti, wata Baturiya mai furfura. Na gaishe ta, na tambayi lafiyarta, da iyali, da gajiyar aiki. Ta yi murmushi ta ce lafiya lau. Na wuce kan waɗanda gwamna ya naɗa, ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Kuma ku sani, ni ba na jefa gaisuwa in wuce. Sai na tsaya an amsa. Wani tsoho yana duba takardunsa bai ji ni ba, na maimaita. Bai ji ba, na sake, har wanda ke kusa da shi ya taɓa shi. Ya ɗago a firgice ya ce iyalinsa suna lafiya.

Ina kan mutanen gunduma fitila ta yi rawaya. Na ji Bitrus yana tari a bayana, irin tarin da ba na mura ba. Zuciyata ta ce in tsallake, amma tsallake mutum a gaisuwa raini ne, kuma yaya za ka raina wanda ka zo roƙo? Na ƙara sauri dai, na gama da shugaban ɗalibai, na yi masa addu'ar Allah ya ba shi ƙuri'a wata rana.

Sai tarihi, domin mai roƙo a gida ya kamata ya nuna ya san asalin gidan. Na kawo masaƙa, na kawo masu kujeru. Na ce tun daga kafuwar wannan kwaleji har yau, duk abin da shugabanninta suka tsara alheri ne, kuma mu baƙi mun yarda da hikimarsu ɗari bisa ɗari. Na ja numfashi don in shiga ainihin magana.

Fitila ta yi ja. Wani abu ya yi ƙara, ƙiiit.

"Mun gode ƙwarai," in ji shugaba.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai yanzu zan fara."

Ta ce, "Ka yi haƙuri, lokacinka ya ƙare. Ƙa'ida ce, kowa haka muke yi masa."

Ƙa'ida! Da wata kalma ta faɗa, da na yi gardama. Amma ni da na sha mayar da direba ƙarshen layi yana kuka, da wane baki zan ce a karya mini ƙa'ida? Na tattara babbar rigata na zauna.

Sai tsohon nan da na gaida sau da yawa ya karɓi magana. Ya ce a duk zamansa a kwamitin bai taɓa ganin abu mai daɗi irin wannan ba: jama'a sun yi ado, sun cika ɗaki, don kawai su nuna goyon baya ga shirin kwamiti. 'Yan kwamiti suka tafa. Matanmu da suka ga ana tafi ana kallonmu, suka ɗauka mun ci nasara, su ma suka kama tafi. Wata har da guɗa. A cikin wannan guɗar aka kaɗa ƙuri'a, aka mayar da aji bayan gari.

Hajiya Mariama ba ta tafa ba. Ajin ya yi mata amfani, ta ji komai.

A wurin ajiye motoci ta tsaya gabana, mata suka kewaye mu. Ta ce, "Malam, sun amsa gaisuwar?"

Na ce, "Sun amsa, Hajiya."

"Iyalansu duk lafiya?"

Na kama gyaran hulata. Bitrus ya kifa kansa a kan mota, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

"To madalla, hankalinmu ya kwanta," in ji ta. Sai ta juya ta dubi tsohuwar motata mai kujeru da yawa. "Waccan taka ce ko? Asabar da safe. Kada ka makara, tunda kai mai tsari ne."

Na biyar kuma na ƙarshe, hukunci. Asabar ita ce ranar hutuna, amma daga ranar ta zama ranar lodi. In kai su, in zauna a mota in jira, in dawo da su, har Hajiya ta ci jarrabawarta. Ko kuɗin mai ban iya buɗe baki na tambaya ba.

Darasin da na koya shi ne: a ƙasar da ake auna magana da fitila, ka fara ajiye kukanka, gaisuwa ta biyo baya in ta samu wuri. Har yanzu ina ganin hakan rashin tarbiyya ne. Amma haka nake yi.