Mode Ya Hau Bango

"Ni hwa bangon littahina, duk macen da tag gan shi ba ta yi kuka ba, ku canza man suna!"

Mode ke nan, mutumin Wurno, mai baki kamar gangar biki. Ya saki wannan magana ne a gindin wani itacen dogon yaro da ke harabar firamare, inda marubutan soyayya na yankin suke haɗuwa ranar Asabar su yi ta kukan abin da masu zanen bango suke yi musu. Kai mai karatu, kada ka ɗauka wani gawurtacce ne. Littafi ɗaya tak ya rubuta a duniya, shi ma bai fito ba, amma tuni ya raɗa wa kansa Gagarabadan Alƙalami. Har tabarau yake sawa wanda ba na magani ba, wai don a san ana karatu.

A ranar Mashkura ta Rabah ce ta fara kawo ƙara. Ta ɗaga sabon littafinta, ranta a ɓace.

"Ku diba muna wanga zalunci. Yarinyar labarina baƙa ta, siririya, hura taka saidawa bakin tasha. Mi ya kawo Ba'indiya da cibi waje? Uwar mijina ta gani, har yau ba ta amsa gaisuwata da kyau."

Adawiyya ta Tursa ta karɓe. "Ke naki da sauƙi. Nawa anka sa jirgin sama da jar mota. Labarin da tun hwarko har ƙarshe ba a hita gonar gero ba! Ko keke babu ciki."

Mode ya yi wata dariya ta raini, ya gyara tabarau. "Ku kunka so. Kun ɗauki ɗiyan cikinku kun ba masu buga katin biki su yi musu kwalliya. Ni ba mai taɓa man bango. Ni ka tsara abina, kuma ni ka hawa kai da kaina."

"Kai za ka hau bango?" in ji Mashkura. "Ƙadangare na kai?"

Aka kwashe da dariya, ban da gogan naku. Abin da ya sa yake wannan kumfar baki kowa ya sani: Adawiyya yake so, so kuwa na aure. Ita kuma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai gaya masa cewa kakarta Tani ce ta rene ta, kuma duk wanda tsohuwar ba ta yi na'am da shi ba, ko da zinariya ya zo sai dai ya koma da abarsa. Da Mode ya matsa, sai ta ce za ta kawo Kaka wurin ƙaddamar da littafin nasa, ta gan shi da idonta a ranar da ya fi kowa. Tun daga lokacin bango ya zame masa maganar aure.

Farkon abin da ya tsara shi ne hoton masoya biyu a bakin ruwa. Shi ne saurayin, wannan ba gardama. Budurwa ce ta yi wuya. Ya tambayi Adawiyya, ta ce, "Ni ga bango? A riƙa kunsa ƙosai da huskata? Allah shi kiyashe ni." Ya zaga dangi da makwabta, kowace uwa ta kore shi, wata har da muciya. Wani zai yi nadama a nan, amma Mode sai ya ce dama haka ya fi. Saurayi shi kaɗai, yana kuka, budurwa ta tafi ta bar shi. Wai wannan shi ake kira zurfin tunani.

Sai ya ɗauki Lukman, mai shagon hoto da buga katin biki a bakin kasuwa, irin mutanen da ya gama zagi a gindin dogon yaro. Ya ja masa kunne tun a hanya.

"Kai aikinka latsa maɓalli. Kak ka ba ni shawara."

"To, Gagarabadau," in ji Lukman. Shi dai an biya shi.

Suka hau babur suka nufi Goronyo, bakin dam. Da isarsu Mode ya ga mata suna suyar kifi, ya ce basira ba ta zuwa da yunwa. Ya zauna ya narki kifi, yana dangwala yaji da yatsu biyar, yana suɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ya goge hannu a bayan wando, ya je ya tsaya bakin ruwa, ya dafe ƙirji, ya karkata kai.

"Ɗauka!"

"Ina hawayen?" in ji Lukman.

Nan fa ake yin ta. Mode ya matsa ido, ya yamutsa fuska, ya tuno rasuwar kakansa, ya tuno akuyarsa da aka sace, babu ko ɗigo. Mutumin da ya cika shafi da shafi da kukan masoya, ga shi ƙoshi ya hana shi hawaye ɗaya. Masunta suka fara taruwa suna kallo, wani ya tambaya ko ciwon ciki ne ya kama baƙon.

Can ya hango wani dattijo, Sa'adu, yana loda wa jaki albasa daga fadama. Abin nema ya samu. Ya je ya roƙi guda ɗaya, ya faɗi abin da zai yi da ita.

Sa'adu ya dube shi sama da ƙasa. "Yaro, wagga albasa yanzu anka cire ta. Ko daga nesa ka yanka ta, ta isa."

"Baba, ni ɗan Wurno na. Cikin albasa anka yanke man cibi. Mi albasar Goronyo za ta gwada man?"

Ya fasa ta da haƙori, ya matse ruwan a yatsun nan da suka sha yaji, ya cire tabarau, ya murza a ido biyu lokaci guda.

Jama'a, ihun da Mode ya yi sai da jakin Sa'adu ya zubar da kaya. Ya yi tsalle, ya durƙusa, ya kira sunan Allah, ya kira na uwarsa. Hawaye kuwa ya samu har ya yi yawa, ga majina ta taya. Amma ko a cikin wannan azaba bakin bai mutu ba.

"Ɗauka, Lukman! Ɗauka kahin su ƙare!"

Lukman ya yi ta latsawa, kafaɗunsa suna rawa don dariya. A kan babur sai da aka ɗaure gogan da rawani a bayan Lukman, don ba ya ganin ko tafin hannunsa.

Washegari idanun suka kumbura suntum, suka yi ja kamar gauta. Mai hankali zai jira ya warke kafin ya zaɓi hoto. Mode ya sa aka ja shi har shago, wai ranar ƙaddamarwa ta matso. Lukman ya buɗe masa hotuna a kwamfuta, shi kuwa ya ɗaga fatar ido da yatsa yana leƙe, ba ya ganin komai sai dishi-dishi. Can ya hango wani abu ja yana sheƙi a tsakiyar allo.

"Tsaya nan! Ka ga hwaɗuwar rana bisa ruwa. Wanga nika so."

"Gagarabadau, wanga ba rana ba ta..."

"Mi nic ce ma tun hanyar Goronyo?"

"Latsa maɓalli."

"To latsa. Kuma ka ƙara mashi girma, shi cika bango."

Lukman ya ƙara wa ranar girma har ta cika bango. Sannan Mode ya faɗi sunan littafin a rubuta a sama da manyan baƙaƙe: CIWON DA YA KAMA NI. Lukman ya ce ko a saka kalmar so a wani wuri, don a san inda aka dosa. Mode ya ce wannan aikin ƙananan marubuta ne, mai hankali da ganin hawaye ya san na so ne. Ya kuma sa a buga bangon manya-manya na liƙawa, a ƙara a ƙasa: Ku zo ku ji maganinsa ranar Asabar a firamare. Shiga kyauta.

Sai da kaya suka dawo daga maɗaba'a a Sakkwato idon ya sace, ya ga abin da ya zaɓa. Babu rana, babu ruwa, babu dam. Fuskarsa ce tun daga goshi har haɓa, ido ɗaya a rufe ya yi tulu, ɗayan a buɗe jawur yana tsiyaya, baki a karkace. Ya so ya ce a sake bugawa. Amma Lukman na tsaye yana kallonsa, kuma girman kai rawanin tsiya ne.

"Ka gani ko?" in ji Mode. "Haka so ka yi ma namiji."

Ya bi Wurno da Rabah da Goronyo yana liƙawa, bango a kan bango, tasha da kasuwa da bakin masallaci. Har Rara da Lahodu da Tursa sai da fuskar nan ta je. Yara suka daina bin wani lungu da magariba saboda ita.

Ranar Asabar Mode ya sha babbar riga, ya iso firamare, sai ya tsaya turus. Harabar ta cika maƙil. Motoci na ta sauke mutane, wasu a kan jakuna, wasu a amalanke. Tun da ake ƙaddamar da littafi a ƙasar nan ba a taɓa ganin taro irin wannan ba. Ya nemo Mashkura a cikin 'yan uwansa marubuta, ya buga ƙirji.

"Ina mai Ba'indiya? Ki ƙirga man kawunan ga in kina iyawa!"

Mashkura ta ce, "Na gani. Amma Mode, masoyan naka ba su yi tsuhwa ba? Kuma mi ya sa kowa da mai ja mashi sanda?"

Bai saurare ta ba. Ya haye kan tebur, ya karɓi makirufo, ya buɗe babi na ɗaya. "Ya ke hasken idanuna! Tun randa kika tahi, duniya ta yi man duhu, ba ni ganin kowa, ba ni ganin komi..."

"Wallahi haka nika ji!" wani tsoho ya ɗaga murya daga gaba. "Ni ma haka ta hwaro man!"

"Nawa da ƙaiƙayi!" in ji wata.

Mode ya ji daɗi, ya ɗauka labari ne ya ratsa su. Ya ci gaba, yana kuka da murya, har ya kai inda saurayi ya ce ba shi da magani sai murmushin Zulai. Sai tsohon nan ya buga sanda a ƙasa.

"Yaro, mun ji bayanin ciwo. Ita Zulai ɗin ita ta likita? Ta hito ta hwara diba mu, rana na yi."

"Na ɗigawa za a ba mu ko hiɗa za a yi?" wani ya tambaya.

"An ce kyauta na! Jikana ya karanta man ga bango!"

Sai a lokacin Gagarabadau ya dubi taron da kyau. Wannan ido a ɗaure da tsumma, wancan da yana, waccan tana kare rana da tafin hannu. Duk mai ciwon ido da ke tsakanin Rabah da Goronyo yana gabansa a zaune, wasu tun asuba ba su karya ba don an ce kada a ci komai kafin ganin likita. Ya buɗe baki ya ce ai littafi ne, na soyayya, ga shi nan ana sayarwa. Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa duka. Sanduna suka tashi sama, Allah ya isa ta riƙa sauka kamar ruwan Agusta, marubuta kuwa suka koma bayan aji suna riƙe ciki.

Ana cikin haka taro ya dare, sai ga Adawiyya, fuskarta a murtuke, tana riƙe da hannun wata 'yar tsohuwa mai carbi a wuya, ita ma ido ɗaya da yana. Kaka Tani ce. Ashe da ganin hoton nan a Tursa ta tara duk tsofaffin unguwarsu, ta cika mota da su, ta ce su zo a wanke musu ido, ba ta san shi ne taron da jikarta ke ta roƙon ta zo ba.

"Kaka," in ji Adawiyya a hankali, "shi na Moden da nic ce maki."

"Wane? Mai son naki? Sauko nan in gane ka."

Mode ya sauko daga tebur, ya durƙusa, makirufo na hannunsa ya manta bai kashe ba. "Ina kwana, Kaka. Kin zo lahiya?"

"Lahiya ta kawo ni? Ka tara makahi cikin rana kana karanta musu Zulai. In ba ka jikata ka kai ta ina?"

Ta kama haɓarsa, ta jawo fuskar kusa da idonta mai ɗan gani. Ta duba ta duba. Ta juya ta dubi ƙaton hoton da ke liƙe a bangon aji, ta sake dawowa kan Mode. Sannan muryarta ta fito ta lasifika, har masu shayi a bakin titi suka ji.

"Kai na wancan na hoto?"

"Ni na, Kaka. Amma na warke."

"Ka warke?" Ta saki haɓar, ta goge hannu a zane. "To Allah shi isam ma ga wanda yab ba ka magani, ɗan nan. Wallahi da ciwon ka hi kyau."