Rasuwar Rakodar Tela, Wadda Ta Tafi da Sunan Kakansa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ya rasa wanda zai sauke wa, Tela na bakin titi yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar rakodarsa, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Talata da hantsi, a kan teburin yanka, tana da shekara talatin da ɗaya.

Marigayiyar baƙa ce, mai karyayyen hannu da aka ɗaure da ƙyalle. Ba ta da kwaɗayi, batir huɗu sun ishe ta. Ta sha ƙurar yadi, ta sha faɗuwa, ba ta taɓa kai ƙara ba. Babban aikinta a duniya shi ne riƙon amanar kaset guda, wanda Inna, mahaifiyar Tela, ta yi magana a ciki shekara biyu kafin ta rasu. Da an danna, sai ta ce ƙyas, ta yi 'yar shessheƙa, sannan muryar Inna ta fito: "Ku saurara, ba zan maimaita ba. Ubanku ɗan Maƙeri ne, Maƙeri ɗan Dogo, Dogo kuwa ɗan..." A nan ne take faɗin sunan mutumin da ya haye kogi da uwarsa a baya, wanda daga gare shi duk gidan ya fito.

Inna ta ce ba za ta maimaita ba, amma rakoda ta maimaita mata fiye da sau dubu, Tela yana taka keke yana gyaɗa kai. Bai taɓa ɗaukar biro ya rubuta ba. Me zai sa ya wahalar da kansa, ga mai riƙe masa? Matarsa ta yi ta fama a kwafe muryar a waya, shi kuwa kullum gobe.

Ciwon ajalin ya faro da cin kaset. Da farko biro yana magani, a zura a juya. Ranar Talata 'yar Tela ta zo shago da takardar makaranta, an ce kowa ya rubuto kakanninsa iya saninsa. Tela ya gyara zama, ya danna da alfahari. Marigayiyar ta ce wiii, ta haɗiye zaren kaset ɗin, ta cukuikuye shi.

A nan ne abin yake ci masa rai. Zare ake ce masa, shi kuwa shekara arba'in yana maganin zaren da ya harɗe. Ya ɗauki almakashi ya datse wajen da ya cukurkuɗe, ya daidaita baki da baki, ya liƙe tsaf, ko mai gyara sai haka. Guntun, wanda bai wuce taƙi ɗaya ba, ya bi ƙyallaye zuwa shara, kuma shi da hannunsa ya kai. Da aka sake dannawa, Inna ta ce "Dogo kuwa ɗan," sai kawai ga mutum a tsakiyar kogi ba suna. Ya mayar baya sau bakwai. A na takwas marigayiyar ta ce ƙyas, ba ta ƙara cewa komai ba. Mai gyara ya duba ta, ya mayar da murfin a hankali.

Ta rasu ta bar kaset mai tabo, da batir huɗu masu sauran rai, da 'ya'yan Inna uku da yanzu ba sa ga maciji. Yaya ta rantse sunan Mai Gora ne. Ƙaninsu ya ce Gajere, wai tunda ɗansa Dogo ne. Tela, wanda ya fi kowa ji, ya fi kowa rashin sani, kuma wannan ne yake hana shi haɗa ido da 'yarsa.

Za a yi mata sutura da ragowar farin yadi ranar Asabar da safe, a kai ta makwancinta a saman kabad ɗin shago. Za a karɓi gaisuwa a kan bencin ƙofa har kwana uku. Ana roƙon masu zuwa su bar shawarar waya a gida, an riga an ji ta. Amma duk tsohon da ya taɓa zama da Inna ya ji labarin kogin, don Allah ya zo ko da ba ya iya tafiya, za a aika a ɗauko shi. Zai tarar da Tela da biro a hannu, da takardar yarinya, layi na huɗu babu komai.