Askin da Zarami Ya Yi wa Haruffa

"Ni abin da na rubuta, a Gashuwa aka haɗa shi ko a Nguru ko a bangon duniya, abu ɗaya zai fito. Ko ɗigo ba zai bambanta ba."

Injiniya Zarami ke nan, wanda ya raɗa wa kansa suna Ƙare-Zance, wai in ya yi magana a kan kwamfuta babu sauran mai cewa uffan. Ni shagona na kayan waya yana jikin nasa a Gashuwa, saboda haka wannan cika-baki na sha shi har ya ginshe ni. Mutum ne da ko tsire zai saya sai ya rataya jakar kwamfuta. Kada ka ce bai iya komai ba, ya iya. Matsalar dai bakinsa ya riga hannunsa girma.

Ranar da ya yi wannan alfahari, a gaban Hajiya Asta ya yi shi, shugabar wata ƙungiyar manoman shinkafa da barkono. Ƙungiyar ta ba shi aikin manhajar waya da za ta riƙa gargaɗin manoma in kogi ya fara cika, har da murya saboda waɗanda ba sa karatu. Sai dai uwar ƙungiya, wato babban ofishin da ke sama da su Hajiya, ta gindaya sharaɗi. Zarami zai haɗa manhajar a kwamfutarsa, wata injiniya a Nguru mai suna Rahima ita ma ta haɗa a tata daga rubutu iri ɗaya. Kowace manhaja in an haɗa ta tana fitar da wata doguwar lamba da suke kira hatimi, wadda harafi ɗaya in ya canza a rubutun sai ta birkice gaba ɗaya. In hatimin biyu sun zo ɗaya, an tabbatar ba a cusa komai a ɓoye ba. In ba su zo ɗaya ba kafin ruwa ya sauka, a karɓe aikin a ba wani, a kuma kankare sunan Zarami.

To, Zarami ba da hannu yake rubuta komai ba. Yana da wata 'yar manhaja da ya ƙera, ya sa mata suna Magatakarda. Ita yake bai wa sunayen ƙauyuka da saƙonni, ita kuma ta zauna ta rubuta sauran umarnin da kanta. Da yake shi mai son a yabe shi ne kuma maroƙa ba su san hanyar shagonsa ba, tun tuni ya koya wa Magatakarda kirari. Duk sanda ta yi aiki sai ta zaɓo ɗaya yadda ta ga dama ta liƙa a shafin farko na manhajar da ta haɗa. Yau ka ga "Zarami Giwar Gashuwa", gobe ka ga "Zarami Kogi Mai Cinye Gada". Yakan kira ni in zo in gani, yana murmushi kamar wani ne ya aiko masa.

Aka haɗa na farko. Hatimin Gashuwa daban, na Nguru daban, ko kama ba su yi ba. Zarami ya ce kwamfutar Nguru ce ke da zazzaɓi. Rahima ta duba ta ce masa Magatakardarsa tana rubuta lokacin da aka tashe ta a cikin aikin, dole a sami bambanci.

Wani da jin haka sai ya hana ta rubuta lokaci. Banda Ƙare-Zance. Shi dabarar da ta faɗo masa ita ce su danna tare. Ya kira Rahima a waya, ya ɗaga yatsa sama kamar mai shirin yanka, yana ƙirga ɗaya, biyu, kafin ya ce uku layi ya yanke. Ya sake, ya sake, har katinsa ya ƙare ya dawo kan nawa. Da ya ga abin ya ƙi, ya rungumi jaka ya shiga motar Nguru, aka matse shi tsakanin buhun barkono da kwalin bandar kifi, ya isa yana atishawa yana ƙarni.

Rahima ta tarbe shi da gaisuwarsu ta wushe wushe, ta ba shi ruwa, ta bar shi ya gama bayanin yadda za su jera kwamfutoci su danna da yatsa ɗaya. Sannan ta ce, "Yallaɓai Injiniya, me zai hana a ba ta kwanan wata guda ɗaya, a ce kullum shi za ta rubuta?"

Ya ce ai abin da ya zo faɗa mata ke nan, gajiyar hanya ce ta sa ta riga shi.

Aka tsayar da lokaci, aka sake haɗawa. Hatimi ya ce bai san zance ba. Wannan karon sunayen ƙauyuka ne. Kwamfutar Zarami tana jera masu farawa da Ƙ kusa da K, ta Rahima kuma tana wurga su can bayan Z, saboda kowace da irin saitin harshenta. Rahima ta ce maganin mai sauƙi ne, a gaya wa Magatakarda ƙa'idar jeri guda ɗaya da ba ruwanta da saitin kowa. Zarami ya ji ciwon a ce sau biyu a jere ana koya masa aiki. Ya ce shi ba ya maganin reshe, saiwa yake tumɓukewa. Ya dawo Gashuwa ya bi duk rubutun da umarni ɗaya ya yi wa haruffa aski. Duk ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Ya leƙo shagona ya ce min yau ya gama da lanƙwasa, Bature ma da bai da ita ga shi har wata ya je.

Da Hajiya Asta ta zo gwaji aka kunna mata saƙon da ke cewa ƙasa ta jiƙa, sai muryar ta rangaɗa, "Kasa ta jika." Hajiya ta dafe ƙirji ta tambaya jikan wa maciji ya sara. Da aka yi mata bayani ba ta yi dariya ba. Ta ce gonakin mutane ne a bakin kogi, a mayar wa kowane harafi ƙugiyarsa tun ranta bai ɓaci ba. Rahima ta zo daga Nguru ta mayar a saƙonni da sunayen ƙauyuka, ta sa ƙa'idar jerin da ta faɗa tun farko. Da ta zo kan fayil ɗin kirari ta ce bari ta duba shi ma, Zarami ya dafe kwamfuta. Ya ce wannan ɗakin sirri ne, ado ne kawai, ba ya cikin lissafi, kuma duk wanda ya taɓa shi sun ɓata har abada.

Hatimi dai ya ƙi. Abin ma ya kai a kwamfutarsa shi kaɗai in ya haɗa sau biyu, sai ta ba shi amsa biyu. Ya zargi zafin Gashuwa, ya sa wa kwamfuta fanka. Ya zargi man janareta. Ya zargi maƙiya. Gaskiya a lokacin har tausayi ya ba ni, don hadari ya fara haɗuwa ta gabas, shi kuma ya rame, ko tsiren ya daina saya.

Ranar yanke hukunci aka taru a ofishin ƙungiya a Nguru, ni ma na bi shi don in riƙe masa jaka in kuma ga ƙarshe. Hajiya Asta ta ce ita ba ta san kwamfuta ba, amma a haska abin da Magatakarda ta rubuta nan da can a bango, gefe da gefe, kowa ya gani. Aka haska. Komai ɗaya, sai layi guda da ya yi ja. Hagu an rubuta Giwar Gashuwa, dama an rubuta Kogi Mai Cinye Gada.

Hajiya ta ce, "Ɗana, ashe duk wahalar nan maroƙinka ne bai da tsayayyen baki?"

Zarami ya gyara hula ya ce da gangan ya bar shi don ya gwada basirar mutanen Nguru. Hajiya ta ce to an gwada, yanzu ya zaɓi kirari ɗaya tak a tsaya a kansa. Ya ce a sa na farko a fayil ɗin, sunan da duniya ta san shi da shi, wato Ƙare-Zance. Rahima ta ce ko zai bari ta buɗe ta karanta tukuna. Ya ce sunansa ne, ba ya buƙatar mai duba masa.

Aka haɗa a kwamfutarsa, aka haɗa a ta Rahima. Hatimi ya zo ɗaya cif. Zarami ya miƙe yana karɓar gaisuwa hannu bibbiyu, ya matsa lallai a aika wa uwar ƙungiya lambar nan take kafin wani ya yi mata baki. Aka aika, suka amsa, suka rufe. Daga nan ko ɗigo aka taɓa sai an sake komai daga farko, ga damina a bakin ƙofa.

Sai aka sa manhajar a wayar Hajiya aka ƙure murya. Fayil ɗin da ya hana a taɓa yana nan da askinsa. Muryar ta buɗe baki tangaran ta ce, "Barka da zuwa. Wannan aikin Injiniya Zarami Kare ne." Kalmar Zance kuwa allon waya bai ɗauke ta ba, ya yanke ta, muryar ma ta tsallake ta.

Ya yi tsalle ya ce a gyara, harafi ɗaya ne. Rahima ta tuna masa cewa harafi ɗayan nan shi ne hatimi. Wani dattijo ya ce wataƙila wayar Hajiya ce, a gwada tasa. Aka gwada tasa, aka gwada tawa, aka kira manoman garin Jakusko a waya aka ce su kunna mu ji. Hajiya Asta ta saurara har ƙarshe, sannan ta dube shi ta gyaɗa kai.

"Kai dai ka cika alkawari, Injiniya. Ko'ina aka kunna, kare ne."