Kwanakin Lantana a Cikin Gora

A gidanmu akwai ɗan ƙanena, Jatau. Ga ƙarfi, ga kirki, amma abin da ka faɗa masa shi zai aikata, ba ƙari ba ragi. Wayon gidan duk yana wurin matarsa Delu. Da Allah ya ba su 'ya, Lantana, damuwarmu ɗaya ce: ƙyanda na yawo a ƙauyukan gabas, allurarta kuwa sai yaro ya cika wata tara.

Wata rana, bayan suna, Delu ta aike shi asibiti a sa sunan yarinya a kwamfuta. Ya sa aka rubuta masa a takarda, ya nannaɗe, ya cusa ta ramin da iska ke fita a jikin kwamfutar. Malama Sahura mai allura ta yi salati, ta zaro da tsinke, ta buga ranar haihuwar tana dariya har da hawaye.

Wata rana ya koma tambayar yaushe ne allura. Ta ce, "Malam Jatau, kwamfuta ke ƙirga kwanakin, ta raba da na shekara. Sai ka samu kashi uku cikin huɗu na shekara." Ya dawo ya sauke kalandata daga bango, ya yanka gida huɗu, ya kai mata uku. Na bi shi da muciya har bakin rijiya.

Na ce, "Kai sakarai, kwanaki ai tattara su ake yi, ɗaya bayan ɗaya!"

Ya ce, "To, Gwaggo."

Ranar kwanan Lantana goma. Ya zuba wake goma a gora, kullum da safe ya ƙara ɗaya. Ko gona za shi, goran na rataye a kafaɗa.

Wata rana allura ta iso, ta yini ɗaya tak. Aka ce kowa ya zo da shaidar kwanakin ɗansa. Jatau ya bar katin haihuwa a gida, ya ɗauko gora. Malama ta duba kwamfuta ta ce, "Saura wata guda. Sai wani zuwan." Delu ta fara hawaye.

Jatau ya zazzage wake a kan tebur. "Malama, ga su nan, ban ɓatar da ko ɗaya ba."

Ni na ƙirga, mata na amsawa: ɗari biyu da saba'in da huɗu. Malama ta buɗe babban littafin haihuwa. Ashe ranar da take dariya, watan gaba ta buga a kwamfuta maimakon watan haihuwar. Nan take aka yi wa Lantana allura, ta tsala ihu, muka yi guɗa.

Da muka koma Delu ta yi ƙosai da waken. Jatau ya ture kwano.

"Gwaggo, ni ba na cin kwanakin 'yata."

Na ce, "Madalla. Miƙo nan."