Farfesa Kamfai da Ɗamarar Baba Shugaba

Idan ana lissafin manyan mutanen da Allah ya albarkaci layin masu kayan yara da su, tilas a fara da Farfesa. Ba jami'a ce ta ba shi sunan ba, don iliminsa ya fi ƙarfin jami'a. Maƙwabta ne suka laƙaba masa Farfesa Kamfai, shi kuma saboda tawali'u ya yar da rabin sunan ya riƙe rabi. Allon shagonsa ya fi ƙofar faɗi: Cibiyar Binciken Suturar Ciki ta Ƙananan Yara. Can ƙasa, da rubutun da sai ka durƙusa kafin ka iya karantawa, an ce ana sayar da kamfai da singileti.

Farfesa ya raba tarihin duniya gida huɗu: zamanin bante, zamanin mazagi, zamanin maɓalli, sai zamanin roba da muke ciki. A ra'ayinsa, duk daular da ta rushe, in ka bincika, ƙugun wandon 'ya'yanta ne ya fara sakewa. Bai taɓa faɗar inda ya karanta wannan ba. Ba kuma wanda ya tambaya, don ko ƙarfe nawa ka tambaye shi sai ka sha lacca.

Wata rana wata mata ta shigo tana jan ɗanta.

"Malam, kamfai za ka ba ni na wannan, sauri nake."

"Baiwar Allah, ba a sauri da tarihi. Kin san da me kakan kakan yaron nan ya rufe mutuncinsa?"

Ba ta sani ba, ya fara sanar da ita. Yana tsakiyar zamanin mazagi yaron ya kasa riƙewa, ya saki fitsari a bakin shagon. Uwar ta ja shi shagon gaba. Farfesa ya dubi kududdufin ya girgiza kai, ya ce ga hujjar abin da yake faɗa nan kwance.

A gida kuwa, gwano ba ya jin warin jikinsa. Kamfan 'ya'yansa duk sun sake, uwargida sai ƙulle su take a gefe kamar bakin buhu.

"Baban yara, ɗauko musu ko ɗaya-ɗaya daga shago mana."

"Waɗancan kayan bincike ne."

"To ka rubuta a bincikenka, Auta ya koma zamanin bante."

Abu guda ya rage wa wannan bawan Allah a duniya: kujerar shugaban ƙungiyar 'yan layin. Baba Shugaba ya tsufa zai sauka, kuma kowa ya san wanda ya nuna da yatsa shi ne magaji. Farfesa ya yi nazari, ya ga babu abin da ke ratsa zuciyar tsoho kamar a yabi kayan zamanin da. Sai ya shirya baje kolin tarihi a zauren taron ƙungiya, ya yi ta sintiri gidan Baba har ya samo aron wata 'yar ɗamara. Mahaifiyar Baba ce ta ɗinka masa ita da hannu yana jariri, lokacin da cibiyarsa ta fito, ta saka mata roba a baya don ta riƙe cikin. Ita kaɗai ce abin da ya rage masa na marigayiyar.

Ranar taro zaure ya cika. An jera tsofaffin nafkin da ƙananan wanduna a kan tebur, ɗamarar kuma an kife ta da kwanon gilashi. Baba yana kujerar gaba, idonsa har ya kawo ruwa. Farfesa ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, al'ummar da ba ta san abin da ya ɗaure cikinta ba, ba ta san inda ta dosa ba! Ku dubi wannan. A nan ciki aka raini shugabanmu. Wannan ita ce robar zamanin da, lokacin da roba take roba, ba irin ta yanzu mai mutuwa a wanki biyu ba!"

Aka yi tafi. Baba ya gyaɗa kai. Farfesa ya ji kujerar har ta fara ɗumi a ƙarƙashinsa. Ya ɗage gilashin, ya ɗauko ɗamarar, ya ɗaga ta sama.

To, duk mai sayar da kamfai yana da wani sabo. Da zarar bakinsa ya yabi roba, hannuwansa sai sun ja ta a gaban mai saye, ko bai umurce su ba. Hali zanen dutse. Farfesa ya zura manyan yatsunsa biyu, ya buɗe hannu iya faɗin ƙirjinsa.

Robar ta yi ƙas-ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye. Wani baƙin gari ya zubo a kan tebur. Ya saki hannu yana jiran ta koma, ta ƙi. Ɗamarar jariri ta tsaya zololo, ta isa ta zagaye tumbin ƙato.

Baba ya miƙe a hankali ya miƙo hannu. Farfesa yana laluben abin faɗa cikin zamanai huɗu, sai bakin ɗan kasuwa ya riga na masani buɗewa.

"Baba, kada ka damu, akwai irinta a shago, sabon zuwa. Yaron shekararsa nawa?"

"Ya kusa tamanin," in ji Baba.

Ya karɓi abinsa ya naɗe, ya sake naɗewa, ya tura aljihu. Daga nan ya ɗaga yatsa, ya tsallake kan Farfesa, ya nuna mai sayar da safa da ke gyangyaɗi a layin baya.